Wa ke da kufan? Kundin aikin ɗakin tsofaffin wasannin bidiyo a Bauchi

Asabar, 13 ga Janairu, 2024

Yau muka kwance buhunan da suka shekara goma sha ɗaya a ɗakin ajiya na gidanmu da ke Jahun, tun ranar da yayana ya rufe shagon gem ɗinsa ya koma sayar da kayan waya a kasuwar Wunti. Mun tarar da PlayStation ta farko guda uku, da PlayStation 2 guda biyar, da Sega Mega Drive guda biyu, da kwali huɗu na faya-fayai, da hannayen wasa waɗanda ɓera ya gaigaye wayoyin mafi yawansu. A ƙasan buhu na ƙarshe akwai tsohuwar kwamfutar shagon, kuma da muka ciro rumbun ajiyarta muka jona shi da wata, sai ya yi ƙara kamar injin markaɗe, amma ya buɗe. A cikinsa ne na ga jakar da ta haifar da wannan kundi: emuletoci goma sha bakwai, wato manhajojin da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi na'urar wasa har ta karanta wasanninta, mafi yawansu an daina sabunta su tun ina makarantar sakandare.

Cibiyar koyar da kwamfuta da nake aiki a cikinta ta ba ni kusurwar wani ɗaki da kwamfutoci uku, domin ɗaliban da ke koyon rubuta manhaja su ga yadda aka gina wasanni a lokacin da ƙwaƙwalwar na'ura ba ta kai girman hoto ɗaya na wayar yau ba. Shugaban cibiyar ya gindaya sharaɗi guda, cewa kada a saka abin da zai jawo ƙara ko ya zama cin haƙƙin wani. Na ce masa, “Ranka ya daɗe, ai waɗannan kaya ne da masu su suka yi watsi da su.” Ya ce, “Malam, ka je ka tabbatar, domin wanda ya yi shiru bai ce ya yafe ba.”

Asabar, 27 ga Janairu

Mako biyu na yi ina karatu, kuma abu na farko da na gane shi ne cewa abin da muke kira gem a dunƙule kaya uku ne, kowanne da mai shi. Akwai emuletar kanta, wadda wani mutum ko wasu mutane suka rubuta. Akwai BIOS, ƙaramar manhajar da kamfani ke dasawa a cikin na'urarsa domin ta tashi, wadda wasu emuletoci ba sa aiki sai an ba su kwafinta. Sannan akwai wasan, wanda aka kwafo daga kaset ko faifai. Halaccin ɗaya ba ya halatta sauran biyun.

A kan emuletar ita kanta, tarihin shari'o'in Amurka ya fi karkata ga masu rubuta ta. A 1992 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a shari'ar Sega da Accolade cewa warware manhajar wani domin a gano yadda za a yi abin da zai yi aiki tare da ita yana iya zama halattaccen amfani. A 1999 kamfanin Connectix ya fitar da Virtual Game Station, wadda ke buga wasannin PlayStation a kwamfutar Mac, Sony ya kai ƙara, kuma a Fabrairun 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta ba Connectix gaskiya, tana mai cewa kwafar BIOS da injiniyoyinsa suka yi a lokacin bincike ba laifi ba ne, tunda babu rubutun Sony a cikin abin da suka sayar. Kamfanin Bleem ma, mai wata emuletar PlayStation, ya tsaya da Sony a kotu bai faɗi ba, amma kuɗin lauyoyi ya cinye shi, ya rufe a 2001.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙarshen Virtual Game Station. Bayan Sony ya kasa kayar da ita a kotu, sai ya saye ta a 2001 ya daina fitar da ita. To ga ta nan a jakar yayana, tare da Bleem. Manhajar da kotu ta wanke, yau mallakar kamfanin da ya yi ƙararta ce, kuma bai taɓa cewa kowa ya ɗauka ba. Da safe na ɗauka ita ce mafi tsafta a cikin goma sha bakwai ɗin, kafin la'asar na mayar da ita jerin waɗanda ba za mu saka ba.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Na je wurin wani lauya abokin yayana, wanda shi ma ya ci kuɗin tararsa a shagon nan yana yaro. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ɗauko Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, ya ce in nemo masa inda aka ambaci yasasshiyar manhaja. Babu. Ya bayyana mini cewa dokar tana lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan rubutu, kamar littafi, kuma haƙƙin aikin rubutu yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa, yayin da na fim da sauran ayyukan sauti da hoto yake kai shekara 50 daga fitowarsu. A Amurka kuwa aikin da kamfani ya mallaka yana da shekara 95 daga ranar da aka wallafa shi. Ko da wane ma'auni aka auna, wasan da ya fito a 1994 yaro ne ɗanye.

Na ce, “Barista, to ai kamfanonin nan suna Japan da Amurka, ina ruwan dokarmu da su?” Ya tuna mini cewa Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Berne tun 1993, wadda ta wajabta wa kowace ƙasa ta kare aikin baƙo kamar yadda take kare na ɗan gida, ba tare da sai ya yi rajista ba. Sannan ya kawo misalin da ya fi duk bayanan shiga kaina. Ya ce idan na bi hanyar Dass zan ga kufai, katanga ta zube, ciyawa ta rufe tsakar gida, shekara talatin babu wanda ya kwana a ciki, amma ranar da na kai bulo zan fara gini, a ranar zan san cewa gidan yana da magada.

Ya ƙara da abu biyu da na rubuta. Sabuwar dokar ta haramta karya kullen fasaha da mai aiki ya sa domin kare aikinsa, abin da Amurka ta yi tun 1998 a dokarta ta DMCA. Ta kuma ba ɗakunan karatu da gidajen adana tarihi wasu sassauci na yin kwafi domin adanawa, amma ya ce kada in yi saurin kiran kusurwar ɗakinmu gidan tarihi, domin cibiyarmu tana karɓar kuɗin makaranta.

Talata, 5 ga Maris

Ɗalibai ne suka tare ni da labarin tun daga bakin ƙofa. Masu emuletar Yuzu, wadda ke kwaikwayon Nintendo Switch, sun amince jiya su biya Nintendo dala miliyan 2.4 su kuma rufe aikin, mako guda kacal bayan an shigar da ƙarar a wata kotun tarayya da ke Rhode Island. Ba a yi shari'a ba, sulhu aka yi, saboda haka babu hukuncin da ya soke na Connectix. Amma hujjar Nintendo ta bambanta da ta Sony: bai tsaya kan cewa an kwafi rubutunsa ba, ya ce Yuzu tana buɗe kullen sirrin da ke kan wasanninsa da mabuɗan da aka ciro daga na'urar, kuma wannan buɗewar ita ce laifin. Irin wannan magana ce ta hana Dolphin, emuletar GameCube da Wii, shiga Steam, kasuwar sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, a 2023.

Ban yi wa Yuzu kuka sosai ba, gaskiya. Switch tana kasuwa tun 2017, ana sayar da wasanninta yau ɗin nan, masu Yuzu kuma suna karɓar gudummawar kuɗi duk wata. Wadda ta ba ni tausayi ita ce Citra, emuletar 3DS, ƙaramar na'urar wasa ta hannu ta Nintendo, wadda aka rufe a rana ɗaya saboda mutanen gida ɗaya ne ke kula da su. An daina ƙera 3DS a 2020, an rufe shagonta na intanet a Maris na 2023, wato akwai wasannin da babu inda mutum zai saye su ko yana da kuɗin. Gobarar maƙwabci ce ta ci ta.

A jerinmu babu na'urar da ta kai wannan zamani, kuma na yanke cewa ba za mu wuce PlayStation 2 ba.

Lahadi, 24 ga Maris

Azumi ya rage mana saurin aiki. Bayan an tashi daga tafsiri na tsaya na tambayi malaminmu, domin wani ɗalibi ya kawo hujjar da ta fi ƙarfina: ya ce yasasshiyar manhaja tsintuwa ce, tsintuwa kuwa idan an yi cigiyarta shekara guda ba a ga mai ita ba, wanda ya tsinta yana iya amfani da ita. Na ce, “Allah ya gafarta Malam, wannan ƙiyasin ya yi?” Ya tambaye ni ko an san mai kayan. Na ce sunansa ne ma yake fara bayyana da zarar an kunna wasan. Ya yi murmushi ya ce abin da aka san mai shi, aka san inda yake, ba tsintuwa ba ne, ajiya ce ko kuma ƙwace, gwargwadon yadda ya zo hannunka. Ya ƙara da cewa ko tsintuwar gaske, idan mai ita ya bayyana bayan shekarar, ana mayar masa ko a biya shi. Ya kuma ambaci cewa Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa.

Sai dai ya bar ƙofa guda a buɗe, ya ce idan da gaske an rasa mai abu, an nema an gaji, to wannan wata mas'ala ce daban, in dawo da ita idan na same ta. Na san zan same ta.

Asabar, 20 ga Afrilu

Wannan ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne ya fi amfani. Na bi emuletocin ɗaya bayan ɗaya ina buɗe ɗan fayil ɗin bayanin da ke tare da kowace, wanda a shekarun shago babu wanda ya taɓa karantawa. A nan na gano cewa tsufan manhaja ba shi ke nuna matsayinta ba. Abin da marubucinta ya rubuta kafin ya tafi shi ne komai.

ZSNES, mai kwaikwayon Super Nintendo, ta fito a 1997, fitowarta ta ƙarshe kuma ita ce 1.51 a 2007. Shekara goma sha bakwai ke nan babu sabuntawa, amma masu ita sun sake ta ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa izinin kwafa da gyarawa da rabawa, muddin ya bar tushen rubutun, wato ainihin rubutun da aka gina manhajar da shi, a buɗe ga na bayansa. Don haka ko da ba a sake jin ɗuriyarsu ba, izininsu yana nan. Matsalarta ta fasaha ce, domin an rubuta mafi yawanta da harshen da ya keɓanta da tsofaffin kwamfutocin Intel, abin da ya sa ɗaukar ta zuwa waya ya zama wahala. Gens, ta Mega Drive, ita ma GPL ce. Snes9x, ita ma ta Super Nintendo, tushenta a buɗe yake, amma lasisinta ya hana amfani da ita don kasuwanci, wato shagon yayana, inda yaro ke biyan kuɗi kafin a miƙa masa hannu, ya saɓa sharaɗin shekara da shekaru ba tare da ya sani ba. MAME, wadda Nicola Salmoria ya fara a 1997 domin adana wasannin manyan injinan gidajen wasa, ta daɗe da irin wannan sharaɗi, sai a 2016 ta koma GPL, bayan masu kula da ita sun bi waɗanda suka taɓa sa hannu a rubutunta suna neman amincewarsu.

Sai rukuni na biyu, waɗanda aka raba kyauta amma aka rufe tushensu. Kega Fusion tana ciki, wadda ta tsaya a 3.64 tun 2010, kuma har yau tana cikin mafi daɗin amfani ga wasannin Sega. ePSXe, ta PlayStation ta farko, ita ma tana ciki, ita ce kuwa yaran Bauchi suka fi sani. Irin waɗannan ana iya amfani da su yadda aka sake su, amma babu mai ikon gyara su idan sabuwar Windows ta ƙi karɓarsu, domin babu tushe, babu kuma izini. Sannan ga NESticle ta 1997, mai kwaikwayon tsohuwar na'urar Nintendo ta NES, wadda wani ya kutsa kwamfutar marubucinta ya sace tushen rubutun ya watsa, abin da ya taimaka wajen sa shi barin aikin. Tushen yana yawo, amma kayan sata ne, kuma shekarun da suka wuce ba su wanke shi ba.

Akwai wata ƙaramar emuleta a jakar wadda fayil ɗinta bai faɗi komai game da izini ba, sai suna na laƙabi da adireshin imel. Na rubuta wasiƙa mai ladabi ina neman izinin sakawa a ɗakin koyarwa. Cikin minti ɗaya ta dawo, adireshin ya mutu. Ga mas'alar da Malam ya ce in kawo.

Asabar, 4 ga Mayu

A makon nan GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye tushen rubutunsu, ya cire kwafi 8,535 na Yuzu bisa takardar ƙorafin Nintendo. Yuzu ma GPL ce, don haka dole na gyara abin da na rubuta a watan jiya: lasisin marubuci yana kare ka daga marubucin ne kawai, ba ya kare ka daga wani na uku da ke cewa manhajar tana karya masa kulle. Na sake duba jerinmu da wannan ido. Kaset ɗin Mega Drive da na Super Nintendo ba a rufe abin da ke cikinsu da rubutun sirri ba, saboda haka emuletocinsu ba su da mabuɗin da za su ɗauka.

Asabar, 29 ga Yuni

Bayan Babbar Sallah muka zauna da yayana a tsakar gida muka zazzage kwalayen faya-fayai a kan tabarma. Rarrabewar ba ta da wuya. Faifan PlayStation ta farko na asali baƙi ne wuluk ta ƙasa, na kwafi kuwa fari ne ko kore-kore, da sunan wasan an rubuta da maka, wani lokaci da rubutun hannuna na ƙuruciya. Cikin faifai 412, na asali 23 ne kawai, yawancinsu sun zo ne a cikin na'urorin da aka sayo na hannu daga Legas. Sauran duk an buga su ne a kasuwa, kuma kowace na'ura a shagon an sa mata cif domin ta karɓe su.

Yaya ya ɗaga wani faifan ƙwallo da ya sha ƙarce har ba a ganin fuska a jikinsa, ya ce wannan shi kaɗai ya biya kuɗin makarantata na zango biyu. Na ce, “Yaya, ba zan iya saka shi ba.” Ya ce, “Lokacin da kake cin kuɗinsa ba ka tambayi lasisi ba.” Ban da amsa, domin gaskiya ya faɗa. A wancan lokaci babu wani shago a Bauchi da mutum zai shiga ya sayi faifan asali, kuma da akwai, kuɗinsa ya fi cinikin mako. Ban ga laifin da zan ɗora wa yaya ba. Amma uzurin wanda ba shi da hanya a 2005 ba zai zama hujjar cibiyar da ke koya wa yara rubuta manhaja a 2024 ba, yaran da gobe su ma za su so a biya su ladan abin da suka rubuta.

Batun BIOS mun warware shi ta hanya mai wahala. Jakar tana da kwafe-kwafen da aka sauke daga intanet, na goge su. Biyu daga cikin PlayStation 2 ɗinmu suna tashi, sai muka bi bayanin da masu PCSX2, emuletar PlayStation 2, suka wallafa muka ciro BIOS daga na'urarmu zuwa filash, aikin minti kaɗan da ya ci mana yini guda saboda filash uku na farko na'urar ta ƙi ganinsu. Barista ya ce wannan ita ce hanya mafi kusa da tsira, tunda na'urar tamu ce kuma ba rabawa za mu yi ba, ko da yake ya ƙi ya kira ta tabbatacciya. Na liƙa takarda a jikin kowace kwamfuta da lambar na'urar da aka ciro BIOS ɗinta, na kuma ajiye na'urar a ƙarƙashin teburin.

Wani abin dariya da na ci karo da shi: lokacin da Sony ya fitar da PlayStation Classic, ƙaramar na'ura mai ɗauke da tsofaffin wasannin PlayStation ta farko, a Disambar 2018, emuletar da ya saka a ciki ita ce PCSX ReARMed, aikin 'yan sa-kai mai lasisin GPL. Kamfanin da ya kori Bleem daga kasuwa ya dawo yana cin tuwon irin su.

Asabar, 17 ga Agusta

Na ba ɗalibai darasi a kan aikin, sai muhawara ta ɓarke. Wata ɗaliba ta ce, “Malam, idan kamfani ya daina sayar da wasa, ni kuma na kwafa, nawa ya yi asara?” Tambaya ce mai nauyi, kuma ba ita kaɗai ke yin ta ba. Binciken da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a Yulin 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa. Wasu ma ba a san takamaiman mai su ba. Misalin da aka fi kawowa shi ne No One Lives Forever na shekarar 2000, wanda wani kamfani ya nemi sake fitarwa, ya tuntuɓi Warner Bros. da Activision da 20th Century Fox, aka rasa wanda zai tabbatar da cewa nasa ne, aka kuma rasa wanda zai ce ya janye hannunsa.

Na gaya mata cewa a ganina hujjarta tana da ƙarfi ta fuskar adalci, kuma doka ce ta gaza a nan, domin ta ba mai abu ikon hanawa ba tare da ta ɗora masa nauyin adanawa ba. Amma na nuna mata ɗaya gefen. A 2018 Nintendo ya yi ƙarar ma'auratan da ke da shafukan LoveROMs da LoveRETRO, masu rarraba kwafin wasanni, aka ƙare da yarjejeniyar sama da dala miliyan 12, kuma a watan Agustan shekarar shafin EmuParadise ya sauke wasanninsa da kansa don tsoro. Mafi yawan abin da ke waɗannan shafuka tsofaffi ne da kowa ke kira yasassu. Kamfanin kuwa yana mayar da wasu daga cikinsu kasuwa ta hanyar biyan kuɗin shiga na Switch, wato gonar da muka ɗauka an bari, saura ce kawai aka bar ta ta huta.

Ba ta gamsu ba, ni ma ban matsa mata ba. Na ba ta aikin tattaro wasannin da marubutansu suka rubuta don tsofaffin na'urori suka kuma sake su kyauta da izini a rubuce. Cikin mako biyu ta kawo 31, tare da tushen rubutun tara daga ciki, wanda ga mai koyo ya fi wasan kansa daraja.

Asabar, 21 ga Satumba

Na zaɓi DuckStation ta maye gurbin ePSXe saboda GPL ce, sai ga shi a wannan watan marubucinta ya sauya lasisin zuwa wanda ya hana kasuwanci da kuma rarraba gyararren kwafi. Izinin da ya riga ya bayar a kan tsofaffin fitowa bai janyu ba, saboda haka na ajiye kwafin watan Yuni tare da fayil ɗin lasisinsa na rubuta kwanan wata a jiki. Daga yau duk manhajar da muka saka, ana buga lasisinta a takarda a sa a fayil.

Laraba, 2 ga Oktoba

Ryujinx, ɗaya emuletar Switch ɗin, ta rufe jiya. Ba a kai ƙara ba ma. An ce Nintendo ya tuntuɓi jagoran aikin, wanda ke Brazil, suka cimma yarjejeniya, shafin ya ɓace. Ba ta shafe mu ba, na rubuta ne domin ɗalibai sun tambaya.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Kwanakin da Arewa ta yi babu wutar lantarki a ƙarshen Oktoba sun tsayar da komai, domin man janareta na azuzuwa ne, ba na wasa ba. Da wuta ta dawo na tarar da labarin cewa Ofishin Haƙƙin Mallaka na Amurka, wanda ke duba sassaucin dokar DMCA duk shekara uku, ya ƙi amincewa da buƙatar a bar ɗakunan karatu su ba masu bincike damar buga tsofaffin wasanni daga nesa ta intanet. Dole mai bincike ya je da ƙafarsa inda aka ajiye wasan. Ga ɗalibin da ke Bauchi, wannan daidai yake da a ce babu. Na ji haushin hukuncin fiye da yadda na zata, domin wannan ita ce halattacciyar ƙofa guda da nake fatan za ta buɗe wa irinmu.

Na koma wurin Malam da batun emuletar da adireshin marubucinta ya mutu. Ya ce tunda mutumin ya sake ta kyauta da hannunsa, amfani da ita yadda ya sake ta ba shi da laifi a ganinsa, amma kada a sayar, kada a cire sunansa, kuma a ci gaba da cigiya. Barista kuwa ya ce rashin rubutaccen izini yana nufin duk haƙƙoƙin suna hannun marubucin, kuma shawararsa a bar ta. Na bi ta Barista wajen sakawa, na bi ta Malam wajen cigiya: na tura tambaya ga masu kula da wasu tsofaffin emuletoci biyu ko sun san inda mutumin yake.

Asabar, 7 ga Disamba

An buɗe ɗakin ranar Alhamis. Cikin emuletoci goma sha bakwai na jakar yaya, huɗu ne suka shiga, aka ƙara da sababbi uku masu buɗaɗɗen tushe. Wasannin su ne faya-fayan asali 23, waɗanda 19 ne suka karantu, da kaset shida na Mega Drive da ake bugawa a kan na'urarsu, da kuma 31 ɗin da ɗalibata ta tattaro. Shugaban cibiyar ya duba fayil ɗin lasisi shafi bayan shafi kafin ya zauna ya karɓi hannu, wani yaro ɗan shekara sha huɗu ya ci shi uku da nema.

Rumbun tsohuwar kwamfutar ban goge shi ba. Na yi masa kwafi guda, na sa duka biyun a akwatin ƙarfe na kulle, da Virtual Game Station da Bleem da NESticle a ciki, na rubuta a murfin cewa ajiya ce, ba a kunnawa. Faya-fayan kwafi 389 yaya ya aiko a mayar masa, ya ce kayansa ne. Sauran aiki: wasiƙar da Barista ke dubawa zuwa Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, muna tambayar ko ɗaki irin namu zai iya shiga cikin sassaucin gidajen adana tarihi idan aka raba shi da ɓangaren da ake biyan kuɗi, da gyaran idon ta ukun cikin PlayStation ta farko ɗinmu, da hannaye huɗu da za a kai wa mai gyara a Wunti ranar Litinin. Ɗaya daga cikin mutane biyun da na tambaya ya amsa jiya, ya ce rabonsa da jin marubucin tun 2004, amma zai tambayi wani.